Na kai majigi aji, yanzu an ce fim nake nuna wa yara

Malam_Fiziks:
Assalamu alaikum malamai da iyayen yara. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da akwai ɗaci.

Ina koyar da Fiziks a wata sakandaren gwamnati, bana shekara tara ke nan. Ɗakin gwaje-gwajenmu suna ne kawai: akwai ƙofa, akwai kwado, ciki kuwa tebura ne da ƙura da wasu kwalabe da ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Zangon da ya wuce na matse albashina na sayi ƙaramin majigi mai batir, wanda ake jona shi da wayar salula. Na sauke gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado ta Amurka, kyauta ne a shafinsu, kuma in ka sauke ba sa buƙatar data. Da shi nake haɗa batir da waya da ƙwan fitila a jikin bango, yara suna ganin ƙananan ɗigo suna zagayawa. In na ƙara batir ƙwan ya ƙara haske. In na haɗa kan batir da gindinsa babu komai a tsakani, sai wuta ta kama a hoton, ajin ya ɗauki ihu.

'Yan SS2 ɗina su 94 ne. Ban taɓa ganin sun yi tsit kamar ranar farko ba, har 'yan wasu azuzuwan suka cika tagogi. Na koma gida ina jin na gama da dokar Ohm, wadda ke nuna alaƙar bolt da ohm da ƙarfin wutar da ke gudana. Bayan mako biyu na yi musu gwaji: batir mai bolt 3, abin da ke tare wutar ohm 6, nawa ne ƙarfin wutar da ke gudana? Mutum 17 ne kacal suka kawo 0.5. Ana cikin haka mataimakin shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce wani uba ya kawo ƙorafi wai maimakon karatu fim nake nuna wa 'ya'yansu.

To jama'a, in ci gaba ko in mayar da shi kwali?

Abban_Nana:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri, ba kowa zai cire daga albashinsa ba. Ka ci gaba kawai, gani ya kori ji.

Malama_Lissafi:
Malam tambaya ɗaya kafin a fara yabo. Bara, da ba ka da majigi, mutum nawa suka ci irin wannan tambayar? Don in bara ma 17 ne ko ƙasa da haka, to ba majigin ne ya kawo matsala ba, kuma ba shi ya magance ta ba. Abu na biyu, 3 a raba 6 ne fa. Ina koyar da lissafi a JSS, na san yaranmu: da yawa in suka ga ƙaramar lamba a sama sai su juya su ce 6 a raba 3, su rubuta 2. Duba takardunsu ka ƙirga masu 2. Ina zargin Fiziks ɗin sun gane, rabawa ce ta kayar da su.

Malam_Fiziks:
@Malama_Lissafi wallahi ban yi wannan tunanin ba. Takardun suna gida, zan duba da daddare.

Tsohon_Hedimasta:
Ni dai dariya ta kama ni da na ga kalmar majigi. Yaran yanzu ba su san inda ta fito ba. Muna ƙanana motar ma'aikatar yaɗa labarai ke zuwa gari da la'asar, a yi shela, bayan isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi. A nuna yadda ake haƙa masai, yadda ake zuba takin zamani a gonar gyaɗa, yadda ake kai yara lamba. Abin da nake so ku lura da shi: fim ɗin ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai mai bayani riƙe da lasifika, yana fassarawa da Hausa, yana tsokanar mutane, yana tambaya. In mai bayanin gwani ne, washegari a kasuwa zancen ake yi. In rago ne, abin da za a tuna kawai shi ne wani ya faɗi daga kan jaki.

Ɗana, kai ne mai bayanin. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, kuma shirun aji bai taɓa burge ni ba. Yaro na iya yin shiru don yana koyo, yana iya yin shiru don yana kallo. Hannunsu na kan biro lokacin da ake haska bangon, ko sun rafka tagumi ne?

Malam_Fiziks:
Ranka ya daɗe Baba, gaskiya tagumi ne. Ajin ma duhu muke yi masa, don majigin ba ya fita sosai in akwai rana. Zannuwan gado biyu na karɓo wurin maiɗakina muke rataya wa a tagogi. Ko sun so rubutu ba za su ga layin littafin ba.

Dan_Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Ku tuna malamin nan namu na Ghana, Richard Appiah Akoto, wanda a 2018 hotonsa ya zagaye duniya yana zana shafin Microsoft Word gaba ɗaya a jikin allo da alli kala-kala, saboda makarantarsu a Sekyedumase ba ta da kwamfuta kuma yaran za su rubuta jarrabawa a kanta. Daga baya aka yi ta aiko musu da kwamfutoci, Microsoft ma ta kai shi taro Singafo. Shi yana da niyya ba kayan aiki. Kai Malam kana da niyya da kayan aiki, kada maganar uba ɗaya ta karya maka gwiwa.

Uwar_Biyu:
A yi mini afuwa, amma ni na fahimci uban nan. Ku sa kanku a matsayinsa. Yaro ya dawo gida, ka ce me aka yi yau, ya ce an rufe tagogi an nuna mana abu a bango, batir ya kama da wuta. Ka buɗe littafinsa ka ga fari fat. Me za ka ce? Mu iyaye abin da muke iya dubawa ke nan, rubutu da jan biron malami. Ni ban yi Fiziks ba, ban san Ohm ba, amma na san shafi in babu komai a ciki. Da Malam ya kira iyaye ranar taron PTA ya haska musu minti biyar, da shi kansa mai ƙorafin ne zai fara cewa a yi karo-karo a sayi na biyu.

Abban_Nana:
Hajiya ai wasu iyayen ko taron ba sa zuwa, sai ƙorafi.

Uwar_Biyu:
Wanda ya taka har ofis ya kai ƙorafi ai ya damu da karatun ɗansa. Shi ya fi wanda bai san ajin da ɗansa yake ba.

Injiniya_Sola:
Ni bangaren wuta zan yi magana. Waɗannan ƙananan majigin haskensu kaɗan ne, shi ya sa sai an yi duhu. Ga zafin watan Maris da Afrilu, yara 94 a ɗaki a rufe, ai azaba ce. In makaranta za ta iya, talabijin mai faɗi ta fi, don ana ganinta da rana tsaka, kuma faranti ɗaya na sola da batir matsakaici za su riƙe ta tsawon lokacin karatu. Matsalarta sata da kuma na bayan aji ba za su ga ƙananan rubutu ba. Sannan Malam, kada ka bar majigin a cikin but ɗin babur cikin rana, batirin zai kumbura.

Mushe_Maradi:
Sannunku 'yan Najeriya. Ina karanta zancenku ina murmushi. Ni mushe ne, wato malami, a lakwal ta firamare a wajen Maraɗi, ajina na zana ne, kowace shekara bayan damina iyaye ke sake kafa shi. Wane bango zan haska? Wuta kuwa, kun tuna lokacin da Najeriya ta yanke mana ita a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, har birane sun sha duhu, balle mu. Amma salulata tana yi mini aiki. Matsalarmu a nan yara suna shigowa da Hausa, karatu kuma da Faransanci. Na sayi ƙaramar lasifika mai caji, ina sa musu muryar wani yana karanta gajeren labari, su ji yadda ake furta kalmomin, in tsayar, su maimaita, in fassara. Minti biyar zuwa bakwai, sai a koma kan alluna. In ya wuce haka sai su fara tsokanar juna.

Malama_Turanci:
Tunda an taɓo waya, bari in sauke nawa kayan. Ni ba na'urar malami ce ke hana ni barci ba, ta ɗalibai ce. Na ba 'yan SS1 aikin gida su rubuta bayanin kasuwar garinsu. Yarinyar da ba ta iya haɗa jimla uku a aji ta kawo mini shafi biyu da Turancin da ni kaina sai da na buɗe ƙamus. A kasuwar tata har da masu sayar da cukwi da furanni a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Wani kuma ya kwafo har da layin ƙarshe inda injin yake tambayarsa ko yana so a ƙara tsawon rubutun. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 abin ke ƙaruwa, yanzu da Meta AI ke cikin WhatsApp ɗin yayyensu ba sai sun sauke komai ba. Na daina ba da insha'i a gida. A aji ake rubutawa, a gabana, ko da sakin layi ɗaya ne.

Sadauki_09:
Malama ai laifinku ne, kuna koyarwa irin ta 1980. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ku koya musu yadda za su yi amfani da ƙirƙirarriyar basira, ba ku hana su ba.

Malama_Turanci:
Ɗana, wanda bai iya rubuta jimla ba ta yaya zai gane injin ya yi masa ƙarya? Yarinyar ba ta ma lura an sa mata ƙanƙara a kasuwar garinsu ba. In ta iya rubutu da hannunta, ni da kaina zan nuna mata yadda za ta sa ya duba mata kurakurai.

Sadauki_09:
To na ji. Amma ku daina cewa kwamfuta ba dole ba ce, don ni ta ci ni. Ranar da na fara taɓa linzamin kwamfuta a rayuwata ita ce ranar JAMB ɗina ta farko. Hannuna na rawa, kibiyar na gudu ta bar inda nake so. Tambaya 180 cikin awa biyu, na ɓata kusan rubu'in awa kafin na natsu. Babu malamin da ya taɓa gaya mana cewa ana iya danna A, B, C, D a kan madannai, N ta kai ka gaba, P ta mayar da kai baya. A shekara ta biyu na biya wani shagon kwamfuta na yi atisaye na mako uku, makina ya tashi sosai, kuma ba wani sabon karatu na ƙara ba. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara da masu zaman kansu a 2024. Yaron ƙauye da na birni ba a fili ɗaya suke gudu ba.

Malam_Fiziks:
@Sadauki_09 wannan gaskiya ne, kuma ya sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Muna da kwamfutoci goma sha biyu da aka kawo wa makarantar shekarun baya, suna ofis a lulluɓe da leda. An ce kada a taɓa don kada su lalace kafin masu duba makarantu su zo.

Tsohon_Hedimasta:
Hhh, wannan cutar ta daɗe. A zamaninmu akwatin rediyo ne ake kullewa a kabad.

Mai_Bincike:
Bari in ɗan faɗaɗa, don ba mu ne farkon masu wannan muhawara ba. A 2007 an gwada shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro a wata firamare a Galadima, Abuja, ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari. An yi ta ɗaukar hoto, amma shirin bai bazu a ƙasar ba. Peru kuwa ta saye su da yawa ta raba a ƙauyuka, kuma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfutar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai tashi ba. Jihar Osun ta raba wa 'yan sakandare allon hannu mai suna Opon Imo a 2013 zamanin Rauf Aregbesola. Edo kuma a 2018 ta bi wata hanya a shirin EdoBEST: malami aka ba allon, darasin na rubuce a ciki yana bi. Suwidin da ta yi nisa wajen sa yara a gaban allon kwamfuta ta dawo tana zuba kuɗi a littattafan takarda tun 2023. Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018.

Abin da na fahimta daga duk wannan, raba na'ura shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma ake iya ɗauka a hoto. Abin da malami zai yi da ita a minti arba'in ɗin nan, shi ne ba wanda ke son kashe wa kuɗi.

Abban_Nana:
To Suwidin ai sun ƙoshi ne suka ture kwano. Mu ko ɗanɗanawa ba mu yi ba, kada a kawo mana misalinsu a hana mu.

Mai_Bincike:
Ban ce a hana ba Alhaji. Cewa na yi wanda ya zo daga baya yana da damar ganin ramin da na gaba ya faɗa.

Alaramma_Zamani:
Allah ya gafarta malamai, mu ma a islamiyya muna da irin wannan. Ina sa wa yara karatun Husari a lasifika don su ji makhraji, saboda yana karatu a hankali. Yana taimakawa ƙwarai wajen bambance haruffan da Bahaushe ke haɗewa, irin su sin da sa da sad. Amma yaro bai taɓa haddacewa don ya saurara kawai ba. Sai ya biya a gabana, na gyara, ya sake biyawa. Kuma har yau wanda ya rubuta a allo ya wanke ya fi riƙewa. Ban san Fiziks ba, amma ina jin duk karatu ɗaya ne ta wannan fuskar.

Malama_Bayoloji:
Malam_Fiziks, ga yadda nake yi, ko zai yi maka amfani. Ni ma na fara da nuna bidiyo mai tsawo, na ga ba ya zama. Na farko dai Turancin masu bidiyon, irin na Amurka, yaranmu ba sa kama ko rabi. Yanzu ina kashe muryar gaba ɗaya, ni ke bayani, Turanci da Hausa a gauraye. Na biyu, ba na danna komai sai sun yi hasashe. Misali zagayawar jini: kafin in nuna, kowa ya rubuta a littafinsa inda yake jin jini zai nufa in ya fita daga ɓangaren dama na zuciya. Yawanci sukan ce jiki. Sai in nuna, su ga huhu ya nufa. Wannan kunyar ta kuskure ita ke sa abin ya zauna.

Kai ma kafin ka ƙara batir na biyu, tsaya. Tambaye su: ƙwan zai ƙara haske ko zai rage, kuma lambar da ke jikin ma'aunin za ta koma nawa? Kowa ya rubuta lamba. Sannan ka danna. Ka yaye zanin gadon, a yi lissafi uku a allo, a sake rufewa in da buƙata. Majigin kada ya wuce minti goma cikin arba'in.

Kuma ka sayi batir na tocila da 'yan ƙwayayen fitila da wayar wuta a kasuwa, ba su da tsada. Ka raba su rukuni goma. Wanda ya ji waya ta yi ɗumi a yatsansa ba zai manta ba.

Injiniya_Sola:
Wannan shawarar ta ƙarshe ita ce. Ni a shagon gyaran rediyo na fara gane wuta, ba a aji ba. Sai dai a ja musu kunne kada wani ya je gida ya gwada da soket.

Malam_Fiziks:
Na dawo. @Malama_Lissafi na duba takardun jiya har ƙarfe goma sha ɗaya. Cikin 77 da suka faɗi, 41 sun rubuta 2. Sun kawo dabarar daidai, sun sa lambobin a inda ya dace, wurin rabawa suka juya. Wasu 12 sun ninka sun kawo 18. Sauran ba su rubuta komai ba, ko sun zana mini batir da ƙwai da kyau, har da 'yan ɗigon, ba lissafi. Na bara kuma ban ajiye takardun ba, don haka ba ni da abin kwatantawa, wannan laifina ne.

Yau na gwada hanyar @Malama_Bayoloji a aji ɗaya. Haɗa kaya da rataya zannuwa kaɗai ya ci minti tara, sai na naɗa yara biyu su riƙa yi tun kafin in shigo. Da na ce kowa ya rubuta hasashensa, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce Malam in an raba wa ƙwai biyu hanya kowa da tasa, ai kamar famfo biyu ne a kan bututu, ba wanda zai rage wa wani. Ban gaya mata ko daidai ne ba, na danna kawai.

Malama_Lissafi:
41! Na faɗa. Ka turo mini su in yi musu mako biyu a kan rabawa, hhh. Da gaske dai, ka zauna da malamin lissafin SS2 ɗinku.

Tsohon_Hedimasta:
Waɗanda suka zana batir ba lissafi su ne suka fi damuna. Su ne 'yan kallon majigin da na faɗa. Kuma ɗana, maganar Uwar_Biyu fa? Ka nemi uban nan?

Malam_Fiziks:
Ban same shi ba tukuna Baba, mataimakin shugaba ya ƙi faɗa mini ko wane ne. Na dai roƙi a ba ni minti goma a taron iyaye na ƙarshen wata, an ce za a duba.

Sadauki_09:
In sun ba ka minti goman, ka yi biyar a kan majigi, biyar a kan kwamfutocin da ke cikin leda. 'Yan SS3 ɗinku JAMB na tafe.

Abban_Nana:
Ni har yanzu ina kan bakana, da babu majigin yarinyar nan ba za ta yi maganar famfo ba.

Malama_Turanci:
Ko kuma da an taɓa tambayarta ra'ayinta tun a JSS1, da ta daɗe da yi.

Mushe_Maradi:
Malam, in na samu farin zani na ɗaure a jikin zana, irin majigin naka zai fito kuwa? Kuma cajinsa awa nawa yake yi? Don a garinmu sai ranar kasuwa mai caji ke tayar da inji.